Tambayi Likita: An yi mini aikin ƙaba, yaya zan dawo da ƙarfin cikina?

Assalamu alaikum. Saƙonni a kan ƙaba sun taru da yawa, sai na ware waɗanda suka shafi bayan aiki na haɗa su wuri ɗaya. Yawansu bai ba ni mamaki ba. Cikin maza 100, kusan 27 kan gamu da ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, mata kuwa kamar 3 cikin 100, kuma duk shekara ana yi wa mutum sama da miliyan 20 wannan aiki a duniya. Sau da yawa ana sallamar mutum da takardar magani da ranar cire zare, amma ba a samun lokacin zama a nuna masa yadda zai yi da jikinsa in ya koma gida. Na taƙaita wasu tambayoyin, na cire sunaye. In abin da na faɗa ya saɓa wa umarnin likitan da ya yi maka aiki, nasa za ka bi, don ƙaba ɓula ce a bangon ciki, kuma shi ya ga girman ɓular da irin naman da ya ɗinka.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ɗan dako ne a kasuwar Dawanau, shekarata 38. Yau sati 3 da aka yi mini aikin ƙaba a matsematsin dama, an ce an sa mini raga. Yayyena sun ce in ban kwanta wata 6 ba ɗinkin zai farke. Ni kuma ranar da ban fita ba, ba a ɗora tukunya a gidana. Gaskiya ce maganarsu?

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Yayyenka don ƙauna suka faɗa, amma kwanciyar wata 6 ba ta cikin magani. Wannan tsoro an gaje shi ne daga lokacin da ake janyo nama a haɗa shi da nama a ɗinke, irin aikin da likitan Italiya Edoardo Bassini ya fito da shi a shekarun 1880. Ɗinkin yakan zauna a ɗame, shi ya sa ake gudun motsi. Daga shekarun 1980 aka fara komawa ga shimfiɗa raga a kan ɓular ba tare da an ja komai ba, hanyar da aka fi sani da sunan likita Lichtenstein na Amurka. Ragar ma ba ita kaɗai ke riƙe ciki ba. Naman jikinka ne ke tsirowa yana shiga idanunta, kamar yadda kabewa ke bin darni har ta lulluɓe shi, kuma wannan yana cin makonni.

A nan mutane ke ruɗuwa. Fata takan haɗe cikin kwana 10 zuwa 14, mutum ya duba ya ga wuri ya bushe ya ce ya warke. Can ciki kuwa, a sati na 3 tabon bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyen nama ba. Sai wajen wata 3 yake kaiwa kimanin kashi 80, kuma yana ci gaba da gyara kansa har shekara. Ke nan ba a yi sakaci ba, ba a kuma kwanta ba.

A 2018 ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya sun fitar da ƙa'idoji na haɗin gwiwa, inda suka ce wanda aka yi wa aikin matsematsi ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji zai iya, kuma yawanci hakan kan samu cikin 'yan kwanaki. Ba a ga hujjar cewa tashi da wuri na dawo da ƙaba ba. Na yarda da su a kan tafiya, zuwa masallaci, zaman shago da hawa bene. Sai dai a ganina waɗanda suka rubuta wannan ba buhun masara mai kilo 100 suke hasashe ba. Don haka kai, dako na sosai ka jinkirta shi har ka wuce sati 6, kuma kada ka faɗa masa rana ɗaya.

Ga yadda za ka yi. Daga yau ka riƙa tafiya safe da yamma, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. In ka shiga sati na 4, nemi galan na lita 5 ka cika da ruwa. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga ka samu ma'auni a tsakar gidanka. Ka ɗauke shi daga ƙasa, ka kai shi bakin zaure, ka ajiye, ka sake ɗaukowa, sau 10. In ka yi kwana 3 babu ciwo, ka koma lita 10, daga nan 15, har ka kai jarka mai lita 25. Bayan sati 6 ka gwada rabin buhu. Cikakken buhu kuwa, ni da zan so ka bari sai wajen wata 2 zuwa 3. Kafin nan ka roƙi maigidanka a kasuwa ya ba ka aikin da ba na ɗauka ba, awo ko ɗinkin bakin buhu ko ƙirga kaya a bakin mota.

Yadda ake ɗaukar ma ya fi nauyin muhimmanci. Ka tsuguna da gwiwa, kada ka sunkuya da baya. Ka jawo kayan ya manne da jikinka. Lokacin da za ka miƙe, ka fitar da iska ta baki. Na san 'yan dako sun saba su cika ƙirji, su toshe numfashi, su yi nishi sannan su cira. Wannan toshewar ita ce ke tura hanji ya danni wurin aikin. Duk kayan da ba za ka iya ɗagawa ba sai ka riƙe numfashi, to ya fi ƙarfinka a yanzu. Ɗan ja-ja a wurin da zai wuce kafin wayewar gari ba komai ba ne. Suka mai tsanani ko sabon kumburi kuwa, ka dakata ka je a duba.

Wanda ya kwanta wata 6 tsokarsa ta zube, bayan gidansa ya yi tauri, yana cikin haɗarin daskarewar jini a ƙafa, sannan ranar da ya tashi ya tari buhu da jikin da ya mutu. Shi na fi ji wa tsoro.

TAMBAYA: Likita, ni malamar makaranta ce a Zariya, shekarata 41. Haihuwata uku dukansu da aiki ne, sai ƙaba ta fito a kan tsohon tabon. An gyara da raga, yau sati 5. Amma cikina kamar ba nawa ba, ba na iya tashi daga kwance sai na dafa, ga ciwon baya. An ce in je wajen likitan gashi. Ni a sanina gashi na masu karaya ne da shanyewar ɓarin jiki. Me za su yi mini?

AMSA: Malama, wanda ya tura ki ya yi daidai, kuma ina ma a ce duk mai irin aikinki ana tura shi. Ƙabar da ke fitowa a kan tsohon yanka ta fi ta matsematsi neman lallami, kuma ta fi saurin dawowa. Shi ya sa yawancin likitoci kan hana ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5 na tsawon sati 4 zuwa 6, wani lokaci fiye da haka in ɓular babba ce. Bokitin ruwa, tukunyar tuwon gida mai yawa, goyon yaro mai tafiya, daka da jan guga duk suna ciki.

Bangon ciki tsokoki ne hawa-hawa. Akwai biyu dogaye a gaba, daga ƙirji zuwa mara, da wasu biyu a kowane gefe da suka gitta juna a karkace. Can ƙarƙashinsu akwai wadda ta kewaye ciki gaba ɗaya daga baya zuwa gaba, bari in kira ta tsokar ɗamara. Tana aiki tare da tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, da kuma tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda kike matsewa in kina riƙe fitsari. Bayan yanka, ciwo kan sa jiki ya daina kiran wannan tsoka, sai baya ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Ciwon bayanki mai yiwuwa daga nan yake. Aikin likitan gashi shi ne ya tashe ta tukuna, kafin a zo maganar ƙarfi.

Ki fara da tashi daga kwance, don shi kike yi kullum. Kada ki yunƙura ki tashi kai tsaye daga rigingine. Ki lanƙwashe gwiwoyi, ki mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu su juya tare, ki sauke ƙafafu daga bakin gado, sannan ki tura jikinki sama da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun kina fitar da numfashi. In a katifar ƙasa kike kwana, ki mirgina ki yi durƙuso, ki dafa bango ko kujera ki miƙe. In tari ko atishawa ta zo, ki rungume filo ki danna a kan wurin aikin.

Sai numfashi. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ki ja iska ta hanci a hankali har ki ji hannun ciki na tasowa, haƙarƙari na buɗewa gefe da gefe, na ƙirji kuwa kusan yana nan inda yake. Ki fitar ta baki a hankali. Sau 10, sau uku a rana. Da yawa kan raina wannan su ce ai ba motsa jiki ba ne, alhali duk sauran a kansa suke zaune.

In wannan ya zauna, sai a kira tsokar ɗamara. A wannan kwanciyar, ki sa yatsu a ɗan cikin ƙashin ƙugu na gaba, dama da hagu. Yayin fitar da iska, ki janye mara ciki kaɗan, ki haɗa da matse tsokar riƙe fitsari. Za ki ji wani ɗan tauri ya taso a ƙarƙashin yatsunki. Kada ki yi da dukkan ƙarfinki, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Ki riƙe daƙiƙa 5 kina numfashi, ki saki, sau 10. In kin ga kafaɗa ta ɗaga, ko kin cije baki, ko numfashi ya tsaya, ƙarfin ya yi yawa.

Daga nan ake ƙara motsi a kai. Ki matse kamar yadda na faɗa, ki manna ƙasan bayanki da shimfiɗa, ki saki. Sai ki zame dunduniya ɗaya a hankali har ƙafar ta miƙe, ki dawo da ita, ki canza, ba tare da bayanki ya gantsare ba. In kin ƙware, ki riƙa ɗaga ƙafa ɗaya a lanƙwashe ki ajiye, ki ɗaga ɗayar. Bayan sati 6, in likitanki ya yarda, sai ɗaga ɗuwawu daga shimfiɗa har jiki ya miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, da tashi-zauna daga kujera ba dafawa, da durƙuso irin na rarrafe kina miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ki canza. Dogara jiki a kan gwiwar hannu da gwiwa, ciki na fuskantar ƙasa, wannan sai can wajen wata 2 zuwa 3.

Alama ɗaya nake so ki riƙa dubawa da idonki. In kina wani motsi kika ga tsakiyar cikin ya yi tsini ya taso, to tsokar ba ta kai ga wannan motsin ba tukuna. Ki koma na baya da shi na sati guda.

Ba kullum za ki je asibiti ba. Zuwa kaɗan ya isa a gyara miki hannu a ba ki abin yi a gida, minti 10 zuwa 15 a rana. Asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da ke yana da sashen gashi, haka na Malam Aminu Kano da na Dala a Kano, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri. Ki tafi da takardar sallamarki don su san irin aikin da aka yi. Sannan ki zauna da likitan mata a kan tazarar haihuwa, domin sabon ciki yana miƙar da wurin gyaran, kuma yana cikin abubuwan da ke dawo da irin wannan ƙaba.

TAMBAYA: Dakta, shekarata 24, ina ɗaga ƙarfe a Kaduna. An yi mini aikin ƙabar cibiya ta huji da kyamara, kwana 12 ke nan, ba na jin ciwon komai. Zan iya komawa motsin nan na kwanciya ana tasowa zaune? Kuma abokina yana da ƙaba ba a yi aiki ba, ya ce motsa jiki zai rufe ta.

AMSA: Ƙanena, rashin ciwo ba shi ne warkewa ba. Aikin huji ƙaramin rauni yake bari a fata, amma ragar da ke ciki lokacinta ɗaya take ci da ta kowa. Wannan motsi na tasowa zaune shi ne na ƙarshe da zan bar ka ka koma wa, don yana jan tsakiyar ciki daidai inda aka gyara. Yanzu ka yi tafiya da sauri da keken motsa jiki mara nauyi, ka kuma yi abin da na rubuta wa Malama a sama, ko da kana ganin na mata ne. Bayan sati 6, da izinin likitanka, ka koma ƙarfe da rabin nauyin da ka saba ko ƙasa da haka, kana ƙarawa mako-mako. Tsalle da igiya ma ka jinkirta.

Abokinka kuwa ka gaya masa ɓula ce a bangon ciki, kuma a jikin babba ba ta rufewa da motsa jiki ko jiƙo ko ɗamara. Jarirai ne ƙabar cibiyarsu kan rufe da kanta, yawanci kafin shekara 4 zuwa 5. Ya je a duba shi tun tana komawa in ya kwanta.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu ne, shekararsa 67, manomi a ƙauyen Katsina. An yi masa aikin gwaiwa shekara 2 da suka wuce, ta dawo. Ya rantse bai ɗauki kaya ba. Yana shan taba, yana tari musamman da hunturu, kuma yakan daɗe a banɗaki wajen fitsari. Za a sake aikin. Me za mu yi kada ta sake dawowa?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da kula da Baba. Na yarda da rantsuwarsa, domin amsar tana cikin tambayarka. Mutane sun sa ido a kan ɗaukar kaya sun manta da tari. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2005 ya auna matsin da ke cikin cikin masu lafiya a yanayi daban-daban, aka ga tari a tsaye yana ninka matsin tsayuwa kawai kusan sau biyar. Buhu sau nawa mutum zai ɗauka a rana? Mai tari kuwa dare da rana yake dukan ɗinkin. Haka mai yunƙurin fitsari, haka mai yunƙurin bayan gida.

Don haka kafin a shiga ɗakin tiyata a yi abu uku. A binciki tarin. Duk tarin da ya wuce sati 2 ana gwada majina don tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. In asma ce ko lalacewar huhu daga taba, akwai maganin da ke rage shi. Sai fitsarin: a shekarunsa abin da aka fi zargi shi ne kumburin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. A duba, a fara magani, in ba haka ba zai fito daga aiki ya ci gaba da nishi a kan sabon ɗinki, ko ma fitsarin ya tsaya gaba ɗaya. Na uku taba. Tana rage jinin da ke kai wa rauni, tana raunana naman da ke haɗe tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa barin ta ko da sati 4 kafin aiki yana rage matsalolin bayan aiki. Ku lallashe shi, ba da faɗa ba. A kuma auna sugansa, don ciwon suga da ba a kula da shi ba yana kawo ruɓewar rauni, ruɓewar rauni kuma babbar ƙofa ce ta dawowar ƙaba.

Motsin numfashi da na tsokar ɗamara ya fara koyonsu tun yanzu, ya fi sauƙin koyo kafin ciwon yanka ya shigo. Bayan aiki kada a hana shi ƙwai, wake, kifi, nono ko nama da sunan suna sa mugunya. Da su jiki ke gina tabo, mugunya kuwa ƙwayoyin cuta ke kawo ta. Ku yawaita masa miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama da gwanda, da ruwa isasshe. Taramol da kodin suna ƙulle ciki, kada ya sha fiye da yadda aka rubuta. In da hali, a tsara aikin bayan an gama girbi, don ya samu watannin rani ya murmure kafin huɗa. Na san manomi, in damina ta faɗi ba mai riƙe shi a gida.

TAMBAYA: Likita, ni magidanci ne a Damagaram. Kwana 6 da aikin matsematsi. Ina jin ja in na yi ruku'u da sujada. Yaushe kuma zan hau babur, yaushe zan koma wa iyali?

AMSA: Malam, addini ya riga ya yi sauƙi. Sahabi Imrana ɗan Husaini da ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Ka yi a kan kujera na 'yan kwanaki. Ruku'u da sujada ba sa farke ɗinki, wahalar tana wajen tasowa. In ka koma yi a ƙasa, ka dafa da hannu biyu ka miƙe kana fitar da numfashi. Yawanci cikin sati 1 zuwa 2 abin kan daidaita.

Mota, sai ranar da za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ciwo ya sa ka ja baya ba, kuma ba ka kan maganin da ke sa barci. Babur ya fi mota matsala saboda buga kik, da tare shi da ƙafa, da ramukan hanya. Ka ba shi kamar sati 3 zuwa 4. Iyali kuwa babu ranar da aka yanke. Da yawa kan koma bayan kamar sati 2, in rauni ya haɗe kuma ba ciwo. Kumburi ko duhun fata a maraina a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, yakan baje da kansa.

TAMBAYA: Likita, ina jego ne a Maraɗi, kwana 30, haihuwa ta biyar. An yi mini aikin ƙabar cibiya bayan haihuwa ta huɗu. Yanzu cikin ya saki, in na ɗaga kai tsakiyarsa na tasowa. Kakata tana ɗaure ni da zani tamau bayan wanka. Ƙabar ce ta dawo?

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Zai iya zama ita ce, amma abin da kika kwatanta ya fi kama da rabuwar tsokokin gaba, wadda ke samun mata da yawa bayan haihuwa. Tsokokin nan biyu dogaye ne suka ja gefe da gefe, jijiyar da ta haɗa su ta miƙe ta yi sirara, amma babu ɓula. Ki gwada: ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki sa yatsu a kwance a saman cibiya, ki ɗaga kai kaɗan. In kin ji dogon kwari mai faɗin da ya wuce yatsu biyu, rabuwa ce. In kuwa ƙulli ne guda mai zagaye da ke fitowa in kin yi tari, ya koma in kin danna, ƙaba ce. Tunda an taɓa yi miki aiki a wurin, kada ki tsaya a gwajin gida, ki je a taɓa, in ya kama a yi hoton ciki.

Rabuwar takan ragu da kanta a makonni 8 na farko, kuma motsin tsokar ɗamara da na ƙasan ƙugu yana taimaka wa ciki ya koma riƙe kansa. Ɗaurin ciki yana rage ciwo, yana sa mace ta ji daɗin tafiya, ban hana ba. Amma ba ya hana ƙaba, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Ki roƙi Kaka ta sassauta yadda tafin hannu zai shiga, kuma a kwance shi lokacin barci. Ɗauri tamau yana tura matsi ƙasa, ya dami mahaifa da mafitsara. Ruwan wankan ma a sirka shi, a rage kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego.

TAMBAYA: Dakta, wata 5 da aikina, amma har yanzu ina jin raɗaɗi kamar wuta daga tabon zuwa cinya, wani wurin kuma ba na jin taɓawa. Wani ya ce ragar ce, wai gidan sauro ake sa wa mutane. An ba ni shawarar in je a yi mini tsaga ko a gasa wurin da ruwan zafi.

AMSA: Malam, kada ka bari a kai aska ko ruwan zafi wurin nan. Fatar da ba ta jin taɓawa za ta ƙone ba ka sani ba, kuma in ƙwayar cuta ta bi tsaga ta kai ga raga, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ta.

Abin da kake ji yana da suna a likitance, ciwon da ya zarce wata 3 bayan aikin matsematsi, kuma yana samun kusan mutum 1 cikin 10, kodayake masu tsananinsa kaɗan ne. Jijiyoyi uku ne ke ratsa wannan wuri suna kai ji ga mara, maraina da saman cinya. Ɗaya kan iya shiga cikin tabo ko zare ya taɓa ta. Raɗaɗi irin na wuta da mutuwar fata alamun jijiya ne, shi ya sa farasitamol bai cika yi masa komai ba. Akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa, akwai allurar kashe zafi da ake yi daidai kan jijiyar, sai in duk sun gaza ake maganar sake aiki. A wajen gashi za a koya maka murza tabon da yatsa a hankali, sama da ƙasa da kewaye, minti 5 sau biyu a rana, da goga wa wurin auduga, daga baya tawul, don jijiyar ta saba da taɓawa, da kuma miƙar da tsokar gaban cinya wadda kan ƙage saboda tafiya a duƙe. Da yawa ciwon kan ragu a hankali cikin watanni.

Maganar gidan sauro tana da tushe, amma an juya ta. Ragar asibiti ta roba ce ta musamman, kuma tana da tsada. Saboda haka wasu likitoci a Indiya da Afirka suka gwada wani nau'in ragar sauro mai araha, wadda ba a sa mata maganin ƙwari ba, aka tsabtace ta a injin asibiti. A 2016 aka wallafa gwajin da aka yi a Uganda a kan maza kusan 300, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninta da ta kamfani ba. Ba gidan sauron da ake rabawa a unguwa ba ne. In kana son sanin wadda aka sa maka, ka tambaya, tana rubuce a fayil ɗinka.

Ka koma wajen wanda ya yi maka aikin ya tabbatar ba dawowa ƙabar ta yi ba. Kai da duk masu tambayoyin nan, in kumburi ya fito ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ko bayan gida da tusa sun tsaya, ko zazzaɓi ya zo tare da jan wuri da mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura numfashi na yin wuya, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kuma kada a ci ko a sha komai a hanya don mai yiwuwa a shiga tiyata.